Rasuwar Ɗantani, Wanda Ƙasa Ba Ta San Hagunsa Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta rasa inda za ta sauke shi, Malam Maharazu mai gyaran garmaho na unguwar Yakasai, a madadin kansa da yayarsa Gwaggo 'Yardada da dukan masu kallon langa na cikin birni, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar ɗan wasansa kuma abokin zamansa, Ɗantani ɗan langar ƙarfe. Ya daina motsi ranar wata Talata bayan la'asar, a soron gidansu, bayan jinyar tsatsa da ya yi fama da ita tun tsakiyar damina. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Maharazu ya tambayi limamin unguwa ko ya halatta a faɗi haka a kan ƙarfe. Liman ya ce ko fitila ce ta mutu wa mutum yana iya faɗa, balle abin da ya sa shi kuka. To, an faɗa.

An ƙera marigayin ranar wata Litinin ta shekarar 1951, inda ya samo sunansa ke nan, a cikin wannan soro da ya ƙare a ciki. Zuciyarsa injin wani garmaho ne da mai shi ya kawo gyara, ya tafi aikin hajji a ƙasa, ya yi zamansa can. Kansa butar shayi ce ta tagulla. Idonsa na dama gilashin fitilar keke ne, na hagu kuwa gindin koriyar kwalba, saboda haka ko a tsakiyar rani rabin duniya kore shar yake ganinta, kuma Malam Maharazu ya sha cewa wannan ne asalin kyawun halinsa. Cinyarsa ta dama sifirin ne na wata motar ɗaukar gyaɗa da ta gaji ta kwanta a bakin hanya. Ƙafafunsa dutsen guga ne guda biyu, tagwaye, da aka sayo rana ɗaya a Ƙofar Wambai. A ƙirjinsa akwai ƙararrawar keke, wadda ba a haɗa ta da komai ba, amma takan buga da kanta in ya ji daɗi.

Saboda mutanen nesa da wannan takarda za ta iya faɗawa hannunsu, ga yadda Gasar Langar Ƙarfe take. Unguwannin cikin birni ne ke karawa, kowace da 'yan wasan da masu sana'arta suka ƙera, ba a sa ɗan Adam. Dokar ita ce dai ta langar da kowa ya yi yana yaro: ka riƙe ƙafa ɗaya ta baya da hannu, ka yi ta tsalle da ɗayar, in ka faɗi ko ka saki ƙafar ka fita. Bambancin yana wajen masha, wato wurin da ake tseren kaiwa. A wannan gasa masha rijiya ce mai yawo. Ba ta da mazauni. Ranar wasa kawai take fitowa, da hantsi, inda ta ga dama. Ta taɓa fitowa a rumfar wani wanzami yana tsakiyar yi wa mutum aski. Ta taɓa fitowa a kan badalar ganuwar birni, inda hankali bai yarda da rijiya ba, kuma ruwanta a ranar ya fi na kullum sanyi. Wanda ya fara dafa bakinta da goshi, unguwarsu ta ci, rijiyar ta bi shi gida, matan unguwar su yi ta ɗiba har faɗuwar rana. Kunun da aka dama da ruwanta ba ya tsami, jaririn da aka yi wa wanka da shi kuwa ba ya kukan banza. Alƙalin wasa wata tsohuwar gauraka ce, ba ta kowa ba, wadda ke bin 'yan wasa ta sama. In wani ya saki ƙafa sai ta yi kuka sau ɗaya, kowa ya san ya fita. Sauran abin da ya shafi mutane yana hannun Sarkin Langa, Malam Nata'ala.

Sauran 'yan wasa, da an tashi, sai su saki ƙafa su taka zuwa gida kamar kowa. Ɗantani kaɗai ne ba haka ba. Yadda aka ƙera shi, noti ɗaya ne ya haɗa yatsun hannunsa na hagu da ƙarfin sifirin ɗin cinyarsa. In aka kwance notin, hannu zai buɗe, ƙafa ta sauka, amma tsallen ya tafi ke nan har abada. Wannan ne sirrin tsallensa, don ba a taɓa yin ɗan langar da ke tsallake jaki da kayansa ba sai shi. Wannan ne kuma ya sa tun ranar da aka fara murɗa shi ya motsa, ƙafarsa ta hagu tana hannunsa, a fili da a gida, rani da damina. Ta dama ta sha duwatsu da taɓo har ta cinye, ta koma kamar marfin gwangwani. Ta hagu tana nan yadda aka sayo ta, mutum na ganin fuskarsa a tafinta. Daga nan 'yan kallo suka yi masa kirarin da duk birni ya haddace: Ɗantani na Maharazu, ƙasa ba ta san hagunka ba.

Marigayin mai haƙuri ne, marar kwaɗayi. Bai taɓa neman gawayi ba kamar wasu, bai taɓa neman kananzir ba. A murɗa mariƙin da ke bayansa da safe, a ɗiga masa man keke a gwiwa, shi ke nan ya gode. Ba ya ture wanda bai kai shi ƙarfi ba. Babban abokin karawarsa shi ne Ilu Mai Hayaƙi na Zaitawa, ɗan wasan Bappa Yero, wanda cikinsa murhu ne, yana tsalle yana tari. Sun sha haɗuwa, kowa ya taɓa kayar da ɗan'uwansa, kuma Malam Maharazu da Bappa Yero ba su taɓa rabuwa a bakin fili ba sai da baƙar magana. Bappa Yero yana kiran Ɗantani butar gwauro, Malam Maharazu yana kiran Ilu murhun mai ƙosai.

Mutanen Yakasai ba za su manta da shekarar da rijiya ta fito a wani lungu bayan marina ba. Ɗantani na gaba, tsalle ɗaya ya rage masa, sai ga kaza ta ratso da 'yan tsakinta. Ya tsaya cak a kan ƙafa ɗaya, yana rawa kamar karan dawa, har na ƙarshensu, wani mai ɗingishi, ya wuce. Ilu ya zo ya dafa rijiya. Matan Yakasai sun yi ta mita a ranar, amma da aka dawo gida ƙararrawar ƙirjinsa ta yi ta bugawa, tilin, tilin, sai ka ce shi ya ci.

Ba mai yawan magana ba ne. Abin da aka sani nasa shi ne ƙir-ƙir-ƙir in ana murɗa shi, da ɗas, ɗas, ɗas a kan daɓen soro, da tilin ɗin nan. Wani lokaci kuma, in iska ta kaɗo daga gabas, zuciyarsa ta garmaho takan tuno wata waƙa da ta taɓa juyawa, ya yi ta gunguninta ta bakin buta, ba faifai ba allura, mmm, mmm. Malam Maharazu ya tambayi makaɗa da yawa, ba wanda ya san waƙar. Yanzu kuwa ba mai sake jin ta.

Abu ɗaya ne aka san yana so bai samu ba. Kowace safiya yakan tsaya a bakin soro yana kallon masu wucewa kasuwa. Ba fuska yake kallo ba, ƙafa yake kallo. Kan butar nan sai ya riƙa karkata dama, hagu, dama, hagu, yana bin takun mai tallan nono, da na ɗan dako, har da na akuya. Malam Maharazu ya daɗe yana lura kafin ya gane. Da ya gane, sai ya dafa kafaɗarsa ya yi masa alkawari a gaban Gwaggo 'Yardada: in an gama gasar bana, ko an ci ko ba a ci ba, zai kwance notin, su taka tare da ƙafa bibbiyu daga Yakasai har Ƙofar Wambai, ya ga inda aka sayo ƙafafunsa, su tsaya ko'ina suka ga dama. Ƙararrawa ta buga har sai da maƙwabta suka leƙo. Washegari Malam Maharazu ya tafi wurin Isyaku baduku da awon ƙafa a zare, aka ɗinka takalma na jar fata, masu tsini a gaba da faɗi a baya, siffar dutsen guga. Isyaku ya yi dariya har ya soke yatsa, amma ya yi aiki mai kyau. Aka rataye su a ƙusa, daidai inda koren idon nan zai riƙa ganinsu.

Ciwon ya fara ne a wasan kusa da na ƙarshe, cikin marka. Ana tsakiyar tsere ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Doka ta ce ba a tsayawa sai gauraka ta sauka, ita kuwa gauraka ruwa bai dame ta ba. Ɗantani ya ratsa lunguna indararo na zuba masa a ka, ya tsallake kwata, ya kai goshinsa bakin rijiya a gindin wata tsamiya. Yakasai ta ci, ta samu shiga wasan ƙarshe, inda za ta haɗu da Zaitawa. Amma a hanyar gida aka ji gwiwarsa tana wani sabon kuka, ƙiii, ƙiii, wanda ba a san shi da shi ba. Malam Maharazu ya goge shi tas da tsumma. Da gari ya waye ya tarar jikinsa ya yi sanyi ƙalau, in an murɗa shi sai ya kama karkarwa. Man keke kuma ya ƙare a kwalba. Sai ya bar shi a soro ya tafi nema.

Gwaggo 'Yardada ita ta raini Malam Maharazu tun da mahaifiyarsu ta rasu, kuma ba ta kiran Ɗantani da komai sai ɗan ƙanena. Ta fito ta taɓa goshin butar ta ji sanyi, ta ga karkarwa. Ta san wannan ciwo, ta yi jinyarsa a jikin yaran unguwa ba iyaka. Ta tafasa ganyen darbejiya da na lemon tsami da na gwanda a babbar tukunya, ta ajiye a gabansa, ta lulluɓe shi da bargo, ta yi masa sirace. Da ruwan ya huce ta sake tafasa wani. Tana zaune a gefe tana lallashinsa ya daure, gumi ne zai fito da ciwon. Gumi kuwa ya fito. Da Malam Maharazu ya dawo ya yaye bargon, ya tarar tururi ya shiga ta bakin buta ya sauka har zuciya, kowace gaɓa tana ɗiga. Abu ɗaya ne ya tsira. Bargon ya yi gajarta, ƙafar hagu da ke maƙale ta baya tana waje.

Ana roƙon jama'a don girman Allah kada kowa ya kai wa Gwaggo wannan magana. Tun ranar ba ta cin abincin kirki, ba ta fitowa tsakar gida sai dole. Malam Maharazu bai ce mata komai ba sai abu ɗaya, kuma yana so a ji shi a nan:

"Yaya, abin da kika yi min ina yaro na tashi, shi kika yi masa. Da ba ki ɗauke shi ɗa ba, da ba ki hura wutar ba."

Daga nan tsatsa ta fara fitowa ja-ja kamar ƙyanda, daga wuya zuwa ƙirji. An yi iya yi. An jiƙa shi da kananzir, an goge shi da toka da yashi mai laushi, an ɗura masa mai har yana fita ta gwiwa. Masu dubiya sun yi ta zuwa, kowa da maganinsa. Wani direba ya kawo baƙin mai, wata mai abinci ta kawo man shanu, an karɓa an gode. Tsalle ya koma ɗingishi, ɗingishi ya koma tsayuwa jingine da bango.

Da Malam Maharazu ya ga inda abin ya nufa, sai ya ce gasa ta tafi da rijiyarta, shi alkawari zai cika tun da sauran motsi. Ya sauko da takalman, ya ɗauko sifana, ya ɗora a kan notin. Notin ya ƙi. Tsatsa ta riga shi zuwa, ta haɗe noti da mazauninsa sun zama abu guda. Ya ja har tafin hannunsa ya fashe. Ya kira maƙeri, maƙeri ya duba ya ce in aka sa guduma zuciyar ce za ta fara tsinkewa. Haka suka zauna, takalmi a ƙasa, ƙafa a sama, suna kallon juna.

Ranar Talatar nan bayan la'asar ya murɗa shi a hankali, kamar yadda ya saba. Aka ji ƙir, ƙir, sai shiru, sai kuma ƙir. Mutane na dawowa daga kasuwa ta ƙofar soro. Kan ya karkata dama, ya karkata hagu. Sannan wani abu ya ce tak a cikin ƙirji. Ƙararrawa ba ta buga ba. Ya rasu a tsaye, riƙe da ƙafarsa, gauraka ba ta taɓa yin kuka a kansa ba duk tsawon rayuwarsa.

Ya bar Malam Maharazu, wanda har yanzu yake tashi da safe hannunsa na neman mariƙin da zai murɗa. Ya bar Gwaggo 'Yardada. Ya bar abokan wasansa na Yakasai, waɗanda tun ranar suke tsaye a kusurwa fuska ga bango, an murɗa su sun ƙi motsi, da wani ƙadangare mai wutsiya biyu da ya saba shan hantsi a kafaɗarsa, wanda yanzu yake hawa bango ya sauko, ya rasa wurin zama. Ya bar jikokin kazar nan ta bayan marina, suna da yawa, ba su san abin da aka yi musu ba. Ya bar rami a daɓen soro, daidai faɗin ƙafa ɗaya. Ya kuma bar takalma da ba a taɓa sa su ba.

An jinkirta wannan sanarwa ne saboda wata matsala da ta taso, kuma gara jama'a su ji ta daga bakin masu ita. Al'adar gasa ita ce ba a binne ɗan wasa. In ya mutu sai a yi rabon gadonsa, a kwance shi gaɓa-gaɓa, unguwanni su ɗauka bi da bi su sa wa nasu, don ƙarfe ya ci gaba da wasa. Zaɓin farko na babban abokin karawarsa ne. Unguwar da ta hana gado kuwa an cire ta ke nan, rijiya ba za ta ƙara bin kowa zuwa cikinta ba. Malam Maharazu bai ƙi al'ada ba, don ko a jikin Ɗantani akwai haƙarƙarin wani tsohon ɗan wasan Ƙofar Wambai. Ya ce a ɗauki buta, a ɗauki sifirin, a ɗauki idanu da ƙararrawa. Ƙafar hagu kaɗai ya roƙa a bar masa, don akwai alkawari a kanta.

Sarkin Langa Nata'ala, da ya zo ta'aziyya, ya zauna ya share hawaye, sannan ya ce ba shi da ikon cire ko ƙusa ɗaya daga gado, kuma kowa ya san a duk jikin marigayin ba abin da ya rage mai amfani kamar ƙafar nan. Kowa kuma ya san mai bukatarta. Ƙafar Ilu Mai Hayaƙi ta huje, garwashi na zuba ta ƙasa in ya yi tsalle, irin wannan dutsen guga mai kauri kuma an daina kawo shi kasuwa. In bai samu ƙafa ba, shi ma wasansa ya ƙare.

Matan unguwa, waɗanda suka yi kukan Ɗantani da gaske, suka aiko a gaya wa Malam ya dubi Allah ya dubi rijiya. Shi kuwa ya zauna a soro tsakanin ƙafa da takalmi. In ya ba da ita, ya karya alkawarin wanda ba ya nan balle ya yafe masa. In ya hana, ya raba unguwa da ruwanta. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, har ranar rabo ta zo.

A ranar nan soro ya cika. Bappa Yero ya shigo da sandarsa a kafaɗa, bai yi wa kowa doguwar gaisuwa ba. Ya zagaya marigayin, ya ƙwanƙwasa buta, ya leƙa tafin ƙafar hagu ya ga gemunsa a ciki. Sannan idonsa ya sauka kan takalman. Ya tambayi wannan abin dariya kuma na wane ne. Gwaggo 'Yardada ce ta ba shi amsa daga bayan ƙyaure, ta gaya masa alkawarin tun daga farko. Ya daɗe yana sosa wuya. Sarkin Langa ya ce masa ya zaɓa.

"Ƙafar hagu," in ji Bappa Yero. "Na ɗauka, tawa ce, kowa ya shaida."

Malam Maharazu ya sunkuyar da kai.

"To ɗago mana, Maharazu, kada ka jiƙa min kaya da hawaye. Ni ba zan sa wa Ilu ƙafar da ba ta san hanyar kasuwa ba, ta je ta ɓatar min da shi. A sa mata takalminta a nuna mata gari. In ta gaji a kwantar da ita, na ba ƙasa."

Sarkin Langa ya tambaye shi, to Ilu fa? Bappa Yero ya ce Ilu ya sha hayaƙi ya isa haka, zai koma gida ya riƙa dafa wa Ma'u, matar shi Bappa Yeron, shayi, dama ta daɗe tana son murhun da ke zuwa in an kira shi. Sarkin Langa ya juya al'ada ta kowace fuska bai ga inda aka karya ta ba. An raba gado, mai zaɓi ya zaɓa, abin da mutum ya yi da rabonsa kuwa ba ruwan gasa.

Abin da ya biyo baya, duk wanda ke soron ya gani da idonsa. Bappa Yero ya kai hannu ya kama ƙafar, a matsayinsa na mai ita. Yatsun nan da sifana ta kasa, kananzir ya kasa, sai suka buɗe da kansu, ɗaya bayan ɗaya, tak, tak, tak, tsatsa na zuba kamar jan gari. Ƙafar ta sauko cikin tafin hannunsa, ya tare ta kafin ta kai ƙasa. A kan soro gauraka, wadda ba wanda ya ga zuwanta, ta yi kuka sau ɗaya.

Ga yadda aka shirya rakiyar marigayin. Liman ya ce babu salla, babu maƙabarta, kuma an yarda da haka. Wanka kuwa, ko bai hana ba, ba mai kusantarsa da ruwa. An riga an raba sauran gado. Masu son jin ƙararrawar za su ji ta a ƙirjin ɗan wasan Ƙofar Wambai, in ta yarda ta buga. Ƙafar dama ba wanda ya zaɓe ta, saboda haka ta zauna da 'yar'uwarta.

Za a taru a ƙofar gidan Malam Maharazu ranar Litinin mai zuwa da hantsi. Za a sa wa ƙafafun biyu jajayen takalmansu. Malam Maharazu zai riƙe ta hagu, Bappa Yero ya riƙe ta dama, su sunkuya su riƙa ajiye su bi da bi, dama, hagu, dama, hagu, daga Yakasai har Ƙofar Wambai. Dukansu tsofaffi ne masu ciwon baya, don haka tafiyar za ta yi nauyi, kuma za a tsaya ko'ina aka ga dama. Mai gaggawa ya yi zamansa. In kaza ta ratso, a tsaya ta wuce. In hadari ya taso, an ɗaga sai wata Litinin. Akwai sadakar gumba a soro bayan an dawo.

Daga kasuwa za a wuce gindin badala, inda aka haƙa ɗan rami. A nan za a cire takalman, kamar yadda ake yi in an zo gaban manya. Za a fara ajiye ta dama, don ita ta saba da wurin, sannan Malam Maharazu ya sauke ta hagu da hannunsa, ba komai tsakanin tafinta da ƙasa. Gwaggo 'Yardada ta yarda za ta fito. Ita za ta rufa musu bargon nan daga sama, kuma wannan karon zai isa.

Masu son yi masa kirari su yi tun a hanya, da ƙarfi, yadda suka saba a bakin fili. Amma in an kai bakin ramin ana roƙon kowa ya yi shiru, don daga wannan lokaci kirarin ya daina zama gaskiya.

Allah ya ba mu haƙuri.

Malam Maharazu mai gyaran garmaho, Yakasai, cikin birnin Kano.